Shafi Huɗu Na Rubuta, Tafin Hannu Aka Buga

Kwalbatin da ke bakin hanyar shiga unguwarmu ya rufta ne a wani dare cikin watan Agustan 2024, bayan an kwana ana tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ma ya jima yana ba mu sanarwa. Tun daminar da ta wuce gefensa na gabas ya tsage, ledoji da robobin lemo suka cushe bakinsa, ruwa ya daina bi ta ciki ya koma yana ƙwaƙular ƙasa ta ƙarƙashi. Da gari ya waye muka tarar da wawakeken rami a tsakiyar hanya, wanda in A Daidaita Sahu ta faɗa ciki sai dai a hango rufinta. Matasa suka samo katako biyu a wurin wani kafinta suka gitta, shi ke nan mun samu gada.

A kan katakon nan wata ɗalibata 'yar aji uku ta zame, kwana biyar bayan ruftawar. Lokacin ana hutu, an aike ta kai niƙa. Wani ɗan garuwa ne ya yar da kurarsa ya dira ya cafko ta ta wuyan hijabi. Kwanon niƙan kuwa ruwa ya tafi da shi, ina tsaye ina kallon masarar tana watsewa a kan ruwan ja. Yarinyar ba ciwon gwiwarta take wa kuka ba, kwanon take wa kuka, don ta san abin da za ta tarar a gida.

Ba jarida ce ta fara faɗo mini a rai ba. Mun riga mun sa hotunan ramin a Facebook da zauren WhatsApp na unguwa, aka yi ta Allah ya kyauta, Allah ya isa, wani ma ya ɗora hoton ɗan takararsa a ƙarƙashi. Kwana biyu maganar ta nutse ƙarƙashin sanarwar ɗaurin aure. Wani maƙwabcina ya kira shirin ƙorafi na gidan rediyo, aka ba shi minti ɗaya, rabinsa ya tafi a gaisuwa. Da na kai wa Kawu labari sai ya ce, "Maganar rediyo iska ce ke tafiya da ita. Takarda kuwa ana yanke ta a sa a fayil, kuma ba abin da ma'aikacin gwamnati ke tsoro irin fayil."

Kawu, yayan mahaifiyata, a gidan waya ya yi aikinsa har ya yi ritaya, tun wurin yana P&T, wato ma'aikatar gidan waya da tarho, kafin a raba shi a 1985 a fitar da NIPOST da NITEL. Wasiƙun mutane sun bi ta hannunsa fiye da yadda zai iya ƙirgawa, ya buga musu hatimi, ya karanta wa waɗanda ba su iya boko ba, ya rubuta musu amsa. A ƙarƙashin gadonsa akwai wata akwatin ƙarfe cike da tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo, takardun sun yi ja sun bushe, in ka ɗaga da garaje sai su karye a hannunka. Shi ya fara gaya mini, tun ina yaro, cewa a Zariya aka fara buga ta a watan Janairun 1939, Abubakar Imam ne editanta na Hausa, kwabo ɗaya ake sayar da ita, kuma har sojojinmu da ke fagen Yaƙin Duniya na Biyu ana aika musu da ita. A cikin akwatin akwai wasiƙunsa guda biyu da aka taɓa bugawa, ya yanke su da reza ya manna a bayan tsohon katin gayyata. Ɗaya kan rijiyar ƙauyensu ce, ɗaya kan tsadar taki. Yadda yake riƙe su ka ce takardar filin gado ce.

A daren nan na zauna da littafin rubutu na 'yan makaranta, na cika shafi huɗu. Na fara da tarihin unguwar tun tana gonaki. Na bi ta kan cire tallafin mai da aka yi a watan Mayun 2023, na zagaya ta tsadar masara, na dawo kan shugabannin da ba sa tsoron Allah. Na kira mutane ɓarayi sau uku, azzalumai sau biyu. Na jawo aya, na jawo karin magana har biyar. Da na karanta wa kaina sai da tsigar jikina ta tashi, na ce lallai gobe sai wani ya rasa barci.

Washegari bayan la'asar na kai wa Kawu. Ya sa tabarau, ya ɗauko jan biro daga aljihun gaba, ya karanta har ƙarshe bai ce uffan ba. Sannan ya ɗago.

"Malam," haka yake kirana in zai yi mini tsiya, "wa kake wa magana a nan?"

Na ce, "Gwamnati mana, Kawu."

"Wace? Ta Abuja, ta jiha, ko ta nan bayan kasuwa? In ka ce gwamnati, kowa zai ce da maƙwabcinsa kake." Ya buɗe shafi na biyu ya sa yatsa. "Wannan ɓarawon, me ya sata? Nawa ne? Kana wurin?"

Na ce ai kowa ya sani.

"Edita ba zai je kotu da kowa ya sani ba. In ya buga wannan aka kai ƙarar ɓata suna, jaridarsa za a fara kamawa kafin kai. Yana ganin kalmar nan zai jefa takardarka a kwando, ko kwalbatin ba zai kai ga karantawa ba. Ina ma kwalbatin yake?" Ya yi ta juya shafuka da gangan. Sai a tsakiyar shafi na uku ya same shi. Yarinyar kuwa tana can ƙasan shafi na huɗu, cikin layi ɗaya da rabi.

Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Ni da nake koya wa yara rubutun wasiƙa, adireshi a dama, kwanan wata a ƙasa, ga shi an zaunar da ni ana ja mini jan layi. Amma da na karɓi littafin na ga abin da ya bari bai taɓa ba, sai na ga duk abin da idona ya gani ne. Abin da ya soke kuwa, abin da zuciyata ta tafasa ta zubar ne.

Ya ba ni aiki kafin in sake ɗaukar biro. In je in auna ramin. In gano hanyar ta wace ce. In yanke shawarar abu ɗaya da nake so a yi, wanda mutum zai iya sa hannu a kansa ranar Litinin.

Aunawa ba ta yi wuya ba. Faɗinsa taku bakwai ne da ƙafata, zurfin kuma muka zura gorar da ake kakkaɓo mangwaro da ita, ta nutse fiye da tsayin mutum. Gano mai hanyar ne ya ci mini kwana uku. Ashe hanyoyin ƙasar nan kashi uku ne, akwai na tarayya waɗanda hukumar FERMA ke yi wa faci, akwai na jiha, akwai na ƙaramar hukuma, kuma talaka duk kwalta ɗaya yake gani. Tamu ko kwalta babu, jar ƙasa ce da aka taɓa zuba wa burji. Wani abokina da ya karanta shari'a ya buɗe mini Tsarin Mulkin 1999 a wayarsa, ya gangara can ƙarshe zuwa Jadawali na Huɗu inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi, ya nuna mini gina hanyoyi da tituna da magudanan ruwa da kula da su a rubuce ɓaro-ɓaro. Ya kuma tuna mini cewa ko wata biyu ba a yi ba da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, ranar 11 ga Yulin 2024, cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Ya so in sa wannan a wasiƙar. Na sa, Kawu ya cire. Ya ce hukuncin gaskiya ne, amma ranar da na sa shi wasiƙata ta zama ta siyasa, za a yi ta musu a kan asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi a manta da ramin.

To nan fa gizo ke saƙar. Ƙaramar hukuma ce mai kwalbatin, ni kuma malamin firamare ne, albashina daga kason ƙaramar hukuma yake fitowa, takardar canjin wurin aikina kuma a ofishin ilimi na ƙaramar hukumar ake buga ta. A ƙasan shafin wasiƙu na jaridar da na zaɓa, wata jaridar Hausa mai fitowa mako-mako, an rubuta cewa duk wasiƙar da ba ta zo da cikakken suna da adireshi da lambar waya ba, ba za a buga ta ba.

Maiɗakina ce ta fara faɗin abin da nake ta kewayewa. Tana tankaɗe ta ce, "Malam, in suka tura ka ƙauyen da sai an hau kwalekwale, kwalbatin ne zai riƙa kai yara makaranta?" Ta ce in sa sunan ƙanena da ke Legas yana sana'ar canji, ba abin da za a iya yi masa. Ni kuma na yi tunanin in sa "Wani Mai Kishin Unguwa". Na kwana biyu ina jujjuya abin. Kawu bai ce in sa sunana ba, bai ce kada in sa ba. Abin da ya ce kawai, ana iya roƙon edita ya sakaya suna, wasu suna yarda in sun san ko kai wane ne, amma wasiƙar da ba suna a ofis ana ce mata aikin 'yan adawa, a ajiye ta gefe. Sai na sake karanta abin da ya rage bayan jan biro, na tambayi kaina ko akwai kalma ɗaya da zan ji kunyar maimaitawa a gaban shugaban ƙaramar hukumar ido da ido. Babu. Da shafi huɗun nan ne, ko da kuɗi aka haɗa ni ba zan sa sunana ba. Wannan kuwa na sa.

Ga abin da na aika:

"Zuwa ga Edita. Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi kira ga shugaban ƙaramar hukumarmu game da kwalbatin bakin hanyar shiga unguwarmu, wanda ya rufta mako biyu da suka wuce. Ramin da ya bari faɗinsa taku bakwai ne, zurfinsa ya fi tsayin mutum. Nan ce kaɗai hanyar da mota ke bi zuwa makarantar firamare da ɗakin shan magani. Yanzu a kan katako biyu ake tsallakawa, kuma tuni wata yarinya 'yar shekara takwas ta faɗa, Allah ya sa da sauran shan ruwanta. Ga shi an kusa komawa makaranta. Muna roƙon a turo injiniya ya duba, a sa mana gadar wucin gadi mai makari kafin yara su koma, a kuma gina sabon kwalbati da zarar ruwa ya ɗauke. Mu kuma mazauna unguwar mun ɗauki alkawarin yashe magudanar da hana zuba shara a cikinta."

Jimlar ƙarshen nan ba tawa ba ce, ta maiɗakina ce. Da ta ga na ƙi jin maganarta kan suna, sai ta ce to aƙalla in faɗi gaskiya gaba ɗaya, ledojin da suka toshe kwalbatin ba daga sakatariya aka kawo su ba, daga gidajenmu suka fito. Na je na sami shugaban matasan unguwa na tambaye shi ko zan iya yin wannan alkawari da bakinsu, ya ce in yi.

Kawu ya so in saya ambulan da kan sarki in jefa a akwatin gidan waya, don a ganinsa wasiƙar da ba ta sha hatimi ba ba ta cika wasiƙa ba. Na lallaɓa shi na ce kafin ta isa damina ta wuce. A waya na buga ta, na sha fama da ƙ da ɗ da ɓ, don allon wayata ba ya da su sai da wani ɗalibina na da ya saukar mini da na Hausa. Na tura ta imel ɗin da ke ƙasan shafin, na rubuta "Wasiƙa zuwa ga Edita" da sunan garinmu a kan layin take, na haɗa da hoto ɗaya wanda wani yaro ke tsaye a bakin ramin don a ga girmansa.

Sai jira. Ranar da jaridar ke fitowa na je teburin mai jarida tun kafin ya gama kwance ɗauri. Akwai mutanen da kullum suna nan a tsaye, su karanta kanun labarai kyauta su yi ta gardama har rana ta take, ban taɓa ganin ɗayansu ya zaro kuɗi ba. Na saya, na buɗe shafin wasiƙu tun ban karɓi canji ba. Babu. Mako na biyu ma babu.

Ana cikin haka wata rana ina cikin aji, an riga an koma makaranta, wata baƙuwar lamba ta kira. Muryar wani matashi ce, ya ce daga jaridar yake, shi ke kula da shafin wasiƙu. Ya tambaye ni ko ni na rubuta, ko sunan da na sa nawa ne na gaskiya, ko ni na ɗauki hoton, ko kuma an gyara wurin tun daga lokacin. Ya tambayi ko iyayen yarinyar sun san na ambace ta. Na ce ban sa sunanta ba. Ya ce ya gani, shi ya sa ma bai cire ba. Sannan ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, wasiƙu sun yi yawa, kuma ka ga abin da ya faru a Maiduguri." Na gani mana. A ranar 10 ga Satumba madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye gari, mutane suna kwana a kan titi. Na ji kunyar ramina mai taku bakwai har na ce masa in babu fili ya bari kawai. Ya yi dariya ya ce kowa da girman ramin da ke ƙofar gidansa.

A mako na huɗu ta fito. Can ƙasa ta hagu, tsakanin wata wasiƙa kan kuɗin makaranta da tallar maganin basir, faɗinta bai fi tafin hannuna ba. Ba su sa hoton ba. Sun cire sallamar da roƙon fili da "mai farin jini", wanda bai dame ni ba, ko da yake Kawu ya ce rashin ladabi ne irin na 'yan jaridar yanzu. Sun sa mata take da manyan baƙaƙe, "Shugaba, a waiwaye mu", wanda ba ni na rubuta ba. Abin da ya ci mini rai shi ne jimlar maiɗakina, ta alkawarin yashe magudana, ita suka datse don wasiƙar ta shiga gurbin. Daga baya na fahimci cewa in fili ya ƙare daga ƙasa ake yankowa, don haka abin da ka fi so ya tsira kada ka ajiye shi a wutsiya. Amma sunana yana nan, cikakke, da sunan unguwa. Na sayi kwafi uku. 'Yan karatun tsaye suka karɓi ɗaya suka yi ta miƙa wa juna, wani ya dube ni ya ce, "Ashe kai ne. To Allah ya tsare." Ban ji daɗin yadda ya faɗi hakan ba.

Kiran farko da na samu ba daga sakatariya ya zo ba, daga zauren Mai Unguwa ya zo. Na je bayan magariba, na cire takalmi na durƙusa na yi gaisuwa. Jaridar tana kan buzunsa.

"Malam, mun zama ba mu da amfani ke nan? Sai a jarida zan ji labarin unguwata?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, tuba nake. Ban yi don in tsallake ka ba."

Ashe shi ma ya kai maganar gaban Dagaci tun washegarin ruftawar, an kuma rubuta takarda ta bi ta hannun Hakimi. Yanzu ga shi an kira shi ana tambayarsa ko shi ya sa a kai su jarida. Wannan kuskurena ne tsantsa, ba na edita ba, ba na Kawu ba. Na zagaya na nemi izinin shugaban matasa, na manta da mutumin da za a fara tuhuma. Da na je masa tun farko, da wasiƙar ta ƙaru da layi ɗaya mai nauyi, cewa masu unguwa sun riga sun kai kuka ta hanyar da ta dace. Na nuna masa asalin abin da na tura a wayata, har da jimlar da aka yanke. Ya sa aka karanta masa sau biyu. Ya ce, "To ai da sun bar wannan." Sannan ya ce tunda na yi alkawari da sunan unguwa, ko an buga ko ba a buga ba, ranar Asabar kowa ya fito da shebur, ni ne kuma zan riƙe na farko.

Hedimasta ya kira ni ofis ya ce an yi masa waya an tambayi ko ni ma'aikacinsa ne. Ya ce ya amsa da e, ya ƙara da cewa ba na fashin aji. Daga nan bai sake cewa komai ba, ni ma ban tambaya ba. Wata biyu ina jin gabana yana faɗuwa duk lokacin da masinja ya shigo da ambulan. Takardar canjin wuri ba ta zo ba.

Kwana goma sha ɗaya bayan fitowar wasiƙar wasu mutum biyu suka zo da farar mota, ɗaya da tef ɗin awo. Suka auna, suka ɗauki hoto, suka sha ruwan leda a shagon bakin hanya, ledar ma a ramin suka jefa. Bayan mako guda tifa ta juye yashi da tsakuwa, aka sauke manyan zobban siminti guda huɗu a gefen hanya. Unguwa ta ɗauka, har ana tsayar da ni a masallaci ana cewa alƙalami ya yi aiki. Ni dai na san a daidai lokacin jihohi da dama suna ta shirin zaɓen ƙananan hukumomi, tamu ma tana ciki, kuma an juye irin wannan yashin a wasu unguwannin da ba wanda ya rubuta ko harafi. Na faɗa wa Kawu haka. Ya ce in yi shiru in karɓi yabo, ba kullum ake samu ba.

Ya yanke wasiƙar da reza, a hankali, yana bin gefen layi, ya manna ta a bayan wani katin ɗaurin aure ya sa a akwatin ƙarfe tare da nasa biyun.

An yi zaɓe, ruwa ya ɗauke, rani ya shiga ya fita. Yashin nan kaɗan-kaɗan ya bi bokitan masu gyaran katanga har ya ƙare. Zobban suna nan inda aka sauke su, awaki na kwana a ciki, yara na wasan ɓuya. Mun yashe magudanar sau uku. Katakon matasa mun canza shi da wasu masu kauri, mun buga musu makari da kuɗin karo-karo.

Da ruwan farko ya sauka na koma na sake auna ramin da ƙafata, taku tara. Na biya ta zauren Mai Unguwa na gaya masa ina so in sake rubutawa, ya ce in sa cewa da saninsa. Kawu kuma ya ce in kawo masa takardar ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wai jan bironsa ya ƙafe, in taho masa da sabo.